Yadda Ɗalibai Za Su Haɗa Shirin Rediyo da Hannunsu

Ranar da na fara kunna wa 'yan aji muryoyinsu da muka naɗa, wata yarinya ta toshe kunne da hannu biyu ta ce, "Malam, wallahi wannan ba ni ba ce." Ita ce kuwa. Idan mutum yana magana, ta hanya biyu yake jin kansa: ta iska, da kuma ta ƙasusuwan kansa, waɗanda ke ƙara wa murya kauri. Na'ura ta iskar kawai take kamawa, shi ya sa kowa ke jin muryarsa ta sirance idan aka kunna masa. Da gangan nake fara darasin rediyo da wannan firgitar, domin daga nan yaro ke gane cewa abin da yake zaton ya faɗa daban, abin da ya isa kunnen wani daban.

Ana cewa gani ya kori ji, to a rediyo babu ganin da zai kawo ɗauki. Mai karatu idan jimla ta shige masa duhu sai ya koma ya sake bi. Mai sauraro kuwa da zarar zaren ya kuɓuce masa, hankalinsa ya tafi wani wuri. Saboda haka a kowane mataki da ke ƙasa tambaya ɗaya ce ke yanke hukunci: me kunne zai ji?

Mataki na ɗaya: na'ura ta jira tukuna

A darasin farko, bayan waccan firgitar, kada a fito da ko waya ɗaya. A ce kowa ya rufe ido, a yi shiru na minti biyu, sannan ya rubuta duk sautin da ya ji ya raba su uku: na kusa, na nesa, da wanda ba ya tsayawa. Karon farko yawancinsu abu uku ko huɗu za su kawo. A maimaita, sai ka ga jerin ya ninka: kukan fanka, takun wani a baranda, ƙarar kujera, numfashin na kusa da shi. Makirufo duk yana jin waɗannan, kuma ba ya tace su kamar yadda ƙwaƙwalwa ke yi mana a ɓoye.

Daga nan a kunna musu gajeren shiri na minti uku, sau biyu. Na farko don jin daɗi, na biyu da biro a hannu: muryoyi nawa ne, a wane sakan kiɗa ya shigo, ina aka yi shiru, me aka faɗa a sakan 20 na farko da ya hana su kashewa.

Mataki na biyu: wane irin shiri, kuma a kan me

Nau'o'in da suka fi dacewa da aji su ne jin ra'ayin jama'a a kan tambaya ɗaya, hira da mutum ɗaya, rahoto mai haɗe da sautin wurin da abin ke faruwa, gajeren wasan kwaikwayo, da karanta waƙe ko labari da ɗalibi ya rubuta tare da sautukan da ke raka shi. Ga masu farawa na fi son hira da mutum ɗaya, domin a cikinta ake koyon kusan komai. Teburin tattaunawa na mutum biyar kuwa, wanda yara suka fi zumuɗinsa, shi ne mafi wahala, kuma shi ya fi saurin zama surutu.

Tsawo kada ya wuce minti uku zuwa biyar. Za su yi ƙorafi cewa ya yi kaɗan. Ranar tacewa za su gode.

Inda ake faɗuwa tun kafin a tashi shi ne zaɓen maudu'i. "Shirinmu a kan makarantarmu ne" ba maudu'i ba ne, fili ne mai faɗi da babu inda za a tsaya. Amma "me ke faruwa a makaranta da sassafe kafin ɗalibai su iso, ta bakin maigadi" ya zama shiri, domin akwai mutum, akwai lokaci, akwai sautin makulli da ƙofa da tsintsiya. Kowace ƙungiya ta rubuta shirinta a jimla ɗaya mai ɗauke da wa, me, da kuma dalilin da zai sa wani ya damu. In jimlar ta ƙi rubutuwa, kada a ba su na'ura.

Ƙungiya ta zama ta mutum huɗu ko biyar: furodusa mai riƙe jadawali da takardun izini, marubuci, mai gabatarwa, mai kula da sauti, da mai tacewa. A shiri na gaba a juya ayyukan. In ba haka ba, mai kaifin baki zai mallake makirufo har ƙarshen zango, mai kunya kuma ya ƙare a riƙon jaka. Mako shida ya isa: ɗaya na sauraro, ɗaya na tsari da rubutu, ɗaya na gwaji, ɗaya na naɗa, biyu na tacewa da gyara.

Mataki na uku: kayan aiki

Wayar hannu ta yau ta isa ta naɗi muryar da za a iya watsawa, muddin an riƙe ta daidai. A yawancin wayoyi babban makirufon yana gindi, kusa da inda ake sa caji, kuma nan ne ya kamata ya fuskanci mai magana. A cire rigar wayar in tana ƙara idan an taɓa ta, a sa ta a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse naɗin ko siginar ta shiga da ƙara, a kuma duba sauran wuri da batir tun daren jiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In akwai halin sayen abu ɗaya kacal, hedifon mai rufe kunne ya riga makirufo mai tsada. Wanda ke naɗa babu hedifon kamar mai ɗaukar hoto ne da ido a rufe. Na waya mai igiya ya fi na bulutut, domin na bulutut yana jinkirta sauti, wani lokacin ma ya karɓe aikin makirufon ya ɓata naɗin.

Makirufo iri biyu ne aka fi haɗuwa da su. Dainamik ba ya saurin kama sauti mai nisa, yana kuma jure faɗuwa da hannun yara, don haka shi ya dace da aji mai hayaniya. Kondensa ya fi jin ƙananan sautuka, amma zai kwaso har da tarin wanda ke ajin gaba. A lura da kan igiya: mai zobe uku shi ne na waya, mai zobe biyu na kyamara ne da rikoda, kuma sau da yawa "makirufon ya lalace" ba komai ba ne illa an soka wannan a ramin wancan.

A saitin manhajar naɗa a zaɓi WAV in akwai, wato tsarin fayil da ba ya matse sauti, a kan hez 44,100 ko 48,000 (yawan ɗaukar sauti a sakan ɗaya), murya ta layi ɗaya (mono). Minti ɗaya a haka yana cin kusan megabait biyar. MP3 na ƙarshen aiki ne, domin duk lokacin da aka sake adana shi yana zubar da wani abu daga sautin.

Mataki na huɗu: ɗaki

Ɗaki mai kyau da waya mai araha ya fi ɗaki mara kyau da makirufo na ƙwararru. Gwajin ba shi da wahala: a tsaya a tsakiya a tafa sau ɗaya da ƙarfi. In tafin ya bar wutsiya, ɗakin na da amsa-kuwwa, kuma babu manhajar da za ta cire ta tsaf daga baya. Aji fanko mai siminti da gilashi shi ne mafi muni. Ɗakin karatu mai cike da littattafai, ƙaramin ofis mai labule da kafet, ko sito mai tarin kaya, duk sun fi shi. Inda babu ko ɗaya, a rataya barguna a kan kujeru biyu a yi ɗan lungu, mai gabatarwa ya zauna a ciki. Abin dariya ne a ido, amma masu rahoto na gaske suna lulluɓa da bargo a ɗakin otal su naɗi muryarsu.

A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki. A nisanci firji. A duba jadawalin ƙararrawa, domin babu abin takaici irin jimla mafi daɗi ta faɗo daidai lokacin tashi.

Mataki na biyar: rubutu don kunne

Nan ne malamin harshe zai ɗan sha wahala, domin abin da aka shekara ana koya wa yara a insha'i shi za a ce su ajiye. Ga yadda ɗalibi mai ƙoƙari zai fara rubutawa:

"Ɗakin karatu na makarantarmu, wanda aka gina shekaru da dama da suka gabata kuma yake ɗauke da littattafai masu tarin yawa a fannoni daban-daban, na fuskantar matsalar ƙarancin masu ziyara sakamakon wasu dalilai."

A takarda babu laifi. A sa shi ya karanta da ƙarfi, numfashinsa zai ƙare kafin ya kai ga maganar. Ga ta an juya ta don kunne:

"Ƙarfe goma na safe. Kujeru arba'in ne a ɗakin karatunmu. Mutum biyu ne a zaune. Ina sauran suka tafi?"

Jimla ɗaya, tunani ɗaya. Wanda ya yi abu ya zo da wuri, kada a ɓoye shi a bayan dogon bayani. A faɗi muƙamin mutum kafin sunansa, a kuma sake ambatonsa in ya daɗe bai yi magana ba, domin mai sauraro ba ya ganin fuska. Lambobi a dunƙule su: 1,987 ya zama "kusan dubu biyu", kuma a takardar mai gabatarwa a rubuta su da kalmomi don kada harshe ya sarƙe. Abin da sauti ya riga ya faɗa kada baki ya maimaita. In ana jin ruwan sama a naɗin, "ana ruwan sama" ɓata sakan biyu ne.

Hanya mafi sauƙi ta samun irin wannan rubutu ita ce a faɗa kafin a rubuta. Marubucin ya juya ga abokinsa ya ba shi labarin da baki, abokin ya rubuta abin da ya ji. Kusan kullum wannan ya fi abin da aka zauna aka ƙirƙira.

Takardar kanta tana da tsari: manyan haruffa, tazara tsakanin layuka, rubutu a fuska ɗaya, ba a haɗe da fil ba don a zame shafi a hankali maimakon juyawa. Jimla kada ta tsallaka daga shafi zuwa shafi. A gefen hagu a rubuta wa ke magana ko wane sauti ke shigowa da tsawonsa. Mai gabatarwa ya ja ƴar sanda a inda zai numfasa, ya ja layi a ƙarƙashin kalma ɗaya a kowace jimla da zai danna. Sannan a karanta da agogo a hannu, a ƙirga kalmomin da wannan mai gabatarwar ke kaiwa a minti ɗaya, da wannan adadin za a auna sauran rubutun.

Akwai wata cuta da ke kama yara da zarar sun ga makirufo: muryar aro. Sai ka ji yaron da ka sani yana jan kalmomi yana kwaikwayon mai karanta labarai. Maganinta shi ne a zaunar da abokinsa a gabansa, a ce da shi yake magana.

Mataki na shida: izini

Kafin a naɗi kowa a gaya masa me ake yi, ina za a kunna, kuma yana da damar cewa a'a. Ga ƙananan yara ana bukatar izinin iyaye a rubuce, musamman in shirin zai hau intanet. A yi amfani da sunan farko kawai, ba a faɗin inda yaro yake zaune ko lokacin da yake tashi. Hira a wajen makaranta sai da babba a tare. Naɗar mutum a ɓoye kuwa ba wasa ba ne, a ƙasashe da yawa laifi ne a doka.

Mataki na bakwai: ranar naɗa

Nisan makirufo da baki ya zama kamar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20. Dalilin lissafi ne: duk lokacin da nisan ya ninka, ƙarfin muryar da ke isa makirufo yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel shi ne awon ƙarfin sauti), hayaniyar ɗakin kuwa tana nan yadda take. Wayar da aka ajiye a tsakiyar tebur ɗakin take naɗa, ba mutumin ba. A karkatar da makirufon kaɗan zuwa gefen baki don iskar da ke fita da haruffa irin su "b" da "f" ta wuce ta gefe. A waje, in babu soson rufewa, safa mai tsabta tana rage bugun iska, mai naɗa kuma ya juya wa iskar baya.

Ma'aunin sauti ya riƙa kaiwa tsakanin desibel -12 da -6 idan mutum ya ɗaga murya. Sifili shi ne rufin ɗaki: sautin da ya buga shi ya fashe, kuma ba ya gyaruwa. Wanda ya yi ƙasa kaɗan ana iya ɗaga shi daga baya. Don gwaji kada a ce mutum ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, domin ba da wannan muryar zai yi hirar ba. A tambaye shi sunansa da aikinsa da yadda ya iso wurin, an sami gwaji, an kuma sami yadda ake furta sunan.

Wata ƙungiya ta taɓa dawo mini da murna, sun yi hirar minti ashirin da wani dattijo, suna ta ba ni labarin abubuwan da ya faɗa. Muka buɗe rikoda, babu komai. A irin waɗannan na'urori dannawar farko shiri ne kawai, jar fitila tana ƙiftawa, ana ma jin sauti a hedifon. Sai an sake dannawa take fara naɗa. Laifina ne da ban nuna musu ba. Tun daga ranar doka ce: mai kula da sauti sai ya ga lambobin agogo suna tafiya, ya ce "muna naɗa", kafin a yi tambayar farko.

Tambaya kuma ita ce rabin hirar. "Kana jin daɗin aikinka?" amsarta "eh" ce, shi ke nan. Amma "Baba, ba mu labarin ranar da ta fi ba ka wahala a bakin ƙofar nan" za ta buɗe baki. A shirya tambayoyi biyar ko shida, masu farawa da yaya, me ya sa, ba mu labari, sannan a yarda a bar takardar in amsa ta kawo abin da ya fi ta. Ɗalibin da idonsa ke kan tambaya ta gaba ba ya jin amsar da ake ba shi. Mutum zai ce "shekarar da na kusa barin aikin", yaron ya wuce zuwa lamba ta huɗu kamar bai ji ba, alhali shirin gaba ɗaya yana cikin wannan ƴar jimlar.

Abu biyu ne suka fi yi wa yara wuya. Na farko, riƙe baki yayin da ake ba su amsa. Mun saba raka mai magana da "to", "haka ne", "ƙwarai", kuma yin gum yana kama da rashin ladabi. A naɗi kuwa waɗannan kalmomin suna hawa kan muryar baƙon, ba sa ciruwa. A gaya masa tun farko: "Baba, za ka ga ina gyaɗa kai kawai, saboda na'ura ne." Na biyu, jure shiru. Idan mutum ya kai aya, a ƙirga biyar a zuci kafin a yi magana. Sau da yawa abin da ya biyo bayan shirun shi ne gaskiyar maganar.

Makirufo ya zauna a hannun ɗalibi, ba a miƙa wa baƙo. A naɗe igiyar sau ɗaya a hannu don kada ta yi ta kaɗawa, yatsu kuma su tsaya cik. A rufe da "akwai abin da ban tambaya ba da kake son faɗa?" Bayan nan kowa ya yi shiru a naɗi sakan 30 na ɗakin shi kaɗai, za a bukace shi wajen cike gurbi. A kuma ɗauki sautukan wurin daban, kowanne daga kusa: makulli a cikin kwaɗo, ƙofa, taku. Kafin a yi sallama a saurari farko da ƙarshen naɗin. A ranar a kwafe fayil ɗin wuri biyu, da suna mai ma'ana: kwanan wata, sunan baƙo, lamba.

In wasan kwaikwayo ne

'Yan wasa kada su wuce huɗu, muryoyinsu kuma su bambanta sosai. A ambaci sunan kowa da wuri a cikin zance. Nisa da makirufo shi ne dandali: wanda ke shigowa ya fara magana daga taku uku ya matso, mai raɗa ya kusanto.

Sautukan da ake ƙirƙira da hannu su ne inda yara suka fi nishaɗi. A masana'antar fim ana kiran wannan sana'a da sunan Jack Foley, wanda ya yi aikin a kamfanin Universal a Amurka tun farkon zuwan fim mai magana. Leda mai ƙara da aka murza a hankali wuta ce mai ci. Tsakuwa a faranti da takalmi a hannu taku ne a kan hanya. Falle na ƙarfe mara kauri da aka girgiza tsawa ce. Safar hannu biyu da aka kaɗa fiffiken tsuntsu ne. A sa 'yan aji su juya baya su faɗi me suka ji. In sun ce wuta, wuta ce.

Mataki na takwas: tacewa

A fara a takarda. Ƙungiya ta saurari naɗin duka, ta rubuta minti da sakan na kowane wuri mai kyau da kalmominsa na farko da na ƙarshe, ta sa tauraro a kan biyar mafi ƙarfi, ta jera su. Wanda ya buɗe kwamfuta ba tare da wannan takardar ba zai ƙare darasi yana kai da komo.

Manhajar da makarantu da yawa ke amfani da ita ita ce Audacity. Kyauta ce, an fara ta a jami'ar Carnegie Mellon, aka fitar da ita a shekarar 2000, tana aiki a kan Windows da Mac da Linux, amma ba ta waya ba ce. A yi aiki da kwafi, asalin ya zauna a gefe. Kowane abu da layinsa: mai gabatarwa, baƙo, sautin wuri, kiɗa. A fara da manyan yanka har tsarin ya tsaya, sannan a koma ƙanana.

Wajen yanka a bar wa mutum numfashinsa. Masu koyo sukan share kowane "eh" da kowane shiru, sai baƙon ya koma kamar na'ura mai magana. A yanke a daidai gabanin numfashi, in gurbi ya buɗe a cike shi da sautin ɗakin nan na sakan 30, domin shiru na sifili yana faɗo wa kunne kamar an ɗauke wuta. A rufe ido a saurari kowane haɗi. In an ji wurin ɗinkin, a sake.

Nan ne kuma ake koyon amana. Baƙo ya ce, "Dokar tana da kyau, amma ba yadda ake aiki da ita yanzu ba." Danna biyu ya isa a cire rabin na biyu, kuma babu wanda zai gane. Sai dai an sa masa abin da bai faɗa ba. Ma'aunin da nake ba su shi ne: in ya ji shirin, zai ce "haka na ce"?

Gyaran sauti a yi shi da sauƙin hannu. Yanke duk abin da ke ƙasa da hez 80, wato sauti mafi kauri, yana cire gurnanin motoci da taɓa makirufo ba tare da ya ci murya ba. Ƙugin da ba ya tsayawa yawanci na wutar lantarki ne, a hez 50 ko 60 gwargwadon ƙasa, kuma sau da yawa naɗa a lokacin da na'ura ke kan caji ne ke kawo shi. Sashen rage hayaniya yana aiki a zango biyu: a nuna masa wurin da hayaniyar take ita kaɗai, sannan a shafa shi a kan duka. In aka cika masa hannu, muryar za ta koma kamar daga cikin ruwa take fitowa. Ƴar hayaniya ta fi wannan.

Kiɗa a ƙarƙashin magana ya sauka da desibel 15 zuwa 20, kuma ya zama mara waƙa, domin kunne ba ya bin baki biyu a lokaci ɗaya. Waƙar da ke tashe a waya tana da mai ita, kuma sa ta a shirin da zai hau intanet ba tare da izini ba keta haƙƙin mallaka ne, ko da sakan goma ne. Akwai kiɗa da sautuka masu lasisin Creative Commons, wanda masu su ke yarda da shi a yi amfani da su kyauta: CC0 ba ya bukatar komai, CC BY yana bukatar a ambaci mai shi. Rumbun Freesound, wanda aka kafa a 2005 a jami'ar Pompeu Fabra da ke Basalona, cike yake da irinsu. Amma tunda darasin fasaha ne, na fi son su yi taken shirinsu da kansu, da tafi da murya da bugun tebur. Ya fi zama nasu, kuma babu mai zuwa ya yi ƙara.

Mataki na tara: fitarwa da watsawa

A daidaita ƙarfin shirin gaba ɗaya. Na sauraro a intanet ana nufar kusan -16 a ma'aunin ƙarfin sauti na LUFS, gidajen rediyon da ke bin ƙa'idar Turai ta R128 kuwa -23 suke so, don haka a tambayi tashar kafin a aika. A adana WAV ɗaya don ajiya, MP3 ɗaya don rabawa, wanda a kilobit 128 a sakan yake cin kusan megabait ɗaya a minti. A saurare shi a hedifon, sannan a lasifikar waya mafi rauni da ke ajin, domin a irinta yawancin mutane za su ji shi.

Wurin kunnawa na farko shi ne lasifikar makaranta ko taron ɗalibai, sai shafin makaranta, sai tashar al'umma in ta yarda ta ba da ƴan mintuna. Kafa na'urar watsawa a zangon FM, wanda a yawancin ƙasashe yake tsakanin megahez 87.5 da 108, yana bukatar lasisi, kada a yi shi da ka. Mai neman ranar da zai sa a gaba yana iya ɗaukar 13 ga Fabrairu, Ranar Rediyo ta Duniya, wadda UNESCO ta ayyana a 2011, ranar da aka kafa rediyon Majalisar Ɗinkin Duniya a 1946.

Ba da maki

Kada kyawun sauti ya kwashe makin, in ba haka ba mai babbar waya ne zai yi na ɗaya. Kaso mafi tsoka ya tafi ga tunanin shirin, ingancin tambayoyi, amana wajen tacewa, da ɗan littafin da kowane ɗalibi ke rubuta abin da ya yi da abin da zai sauya. Wannan littafin ne ke nuna wanda ya yi aiki da wanda ya fake a bayan ƙungiya.

Kafin maki na ƙarshe a gayyato wani aji da bai san komai a kan shirin ba. A kunna sau ɗaya tak, masu shirin ba su da izinin cewa uffan. Baƙin su faɗi labarin da suka ji da bakinsu, su faɗi sautin da ya zauna musu, da wurin da suka rikice. Furodusa kuwa ya zauna a gefe da agogo, idonsa a kan masu sauraro, ya rubuta daidai mintin da aka fara gyara zama da leƙen taga. Wannan mintin za a buɗe a kwamfuta a darasi na gaba.